Jadawalin Leƙen Rana

Daren Lahadi, kuran ya ɗauke a unguwar Zariya.
Na kunna cocila, na buɗe sabon kaye,
na ja layi bakwai da gefen katin waya.
Gobe za mu soma leƙen rana.

Madubin hangen nesa ya iso daga Yamai
cikin kwalin sabulu, a motar dare,
ƙafarsa guda ta goce a hanya.
Ɗan Jimma mai walda ya ɗora ta,
ya ƙi karɓar ko dala,
ya ce ladansa a nuna masa abin da aka gani.

Dokar farko da jan alƙalami na sa ta:
ba mai kai ido bakin bututu.
Rana ba ta san ɗan lakwal ba,
ba ta san mushe ba,
ido kuwa ba a kasa shi a Babbar Kasuwa.
Baya za mu ba ta,
ta zubo da kanta bisa farar takarda
yadda ake tarar madara a ƙwarya.

Takwas da rabi, kafin kwanon rufi ya ɗau zafi,
kafin iska ta soma rawa bisa gari.
Cima ce da agogo.
Lawali, da hannunsa ba ya karkarwa, shi ke zane.
Harira ta ƙirga tabo, ta sake ƙirgawa,
don ba ta yarda da kowa ba, har kanta.
Minti biyar, a rufe baki, madubi ya huce.

Me muke nema?
Baƙin ɗigo a fuskar da ba ta yarda a dube ta,
ƙwayar riɗi a tsakar faifai,
wadda in ka jefa duniyar nan a cikinta,
da Gulbi, da Tibiri, da bashin da ake bi na,
ba lalle ta cika ba.
Yau tana wannan gefe, bayan mako tana tsakiya,
wani makon ta sulale ta wancan.
Ashe ita ma juyi take,
tukunya a hannun maginiyar da ba mu gani.

Littafi ya ce shekara goma sha ɗaya take ɗauka
ta fusata, ta yi tartsatsi, ta huce.
Na lissafa a gefen shafi:
Cima ta kai ashirin da takwas,
ni kuwa, in da rai, na ajiye alli.
Wa zai riƙe kayen?
Na bar wurin fili.

Baba Nomau maigadi ya leƙo ta taga da safe,
hatsinsa na Jiratawa ya kwana tara bai sha ba.
Ya ce, Mushe, bindigar nan taka
tana faɗin ranar ruwa?
Na ce a'a, Baba.
Tana rage zafi?
A'a.
Ya daɗe yana duban ta.
Ya ce, to, ku gaishe ta,
ku ce mata mun ji a jikinmu.

Litinin, takwas da kwata, mun hau soro.
Ƙafa uku sun tsaya, takarda ta miƙe,
farin faifai ya faɗo, yana ɗan makyarkyata.
Harira ta ce, ɗaya... ga wani can...
sai faifan ya dushe.

Hadari ne, daga gabas, baƙi ƙirin,
ba ya cikin layi bakwai ɗina.
Lawali ya tsaya da rabin da'ira.
Cima ta ce, me zan rubuta?
Na ce, sa lokaci, sa "gajimare."
Rashin gani ma ana rubuta shi.

Muna sauko da madubi a guje, rufe da rigata,
na hango Baba Nomau a tsakar fili,
hula a hannu, kai sama,
shi kaɗai cikinmu
aka yi wa aiki da jadawalinsa.

Talata, takwas da rabi.